Kada Ka Bar Mini Ummi

Gwarzo,
Jihar Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga babban ɗana,

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da matarka Rabi da yaran nan uku. Yaya hidimar shirin tashi? Yaya gajiyar zirga-zirga tsakanin nan da Kabo? Allah Ya sa wannan canjin wurin aiki da aka yi maka alheri ne. Ya tsare ku a hanya, Ya tsare ku a inda za ku sauka, Ya haɗa ku da mutanen kirki, amin.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina, alhali katanga ɗaya ce tsakanin sashena da naka. Ka san yadda muke. Ka shigo da safe ka tsuguna, kai kana kallon ƙasa, ni ina kallon ƙofa, mu tambayi juna kwana da gajiya, ka tashi ka fita. Maganar da nake ɗauke da ita ba za ta shiga cikin wannan gaisuwar ba, bakina kuma ba zai iya furta ta a gabanka ba. Hannuna dai bai manta ɗan rubutun da na koya a firamare ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce, da ka dawo daga masallaci, ka zo ka yi mini maganar Ummi, 'yarka ta fari, takwarata. Ka ce, "Adda, mun yi shawara. In mun tashi za mu bar miki ita, ta riƙa ɗebe miki kewa. Amma kada a gaya mata, za ta tayar da hankali. Ranar tashi da safe sai a aike ta gidan Binta, kafin ta dawo mun wuce." Na ce maka, "To, Allah Ya yi albarka." Kwana huɗu ke nan wannan amsar tana ci na. Na janye ta. Ba na so ka bar mini Ummi, kuma ba na so a aike ta gidan ƙanwarka ko gidan kowa. Zan gaya maka dalili, amma sai ka yi haƙuri in biyo ta nesa. Ban taɓa ba ka labarin tasowarmu daga Gude ba, kuma duk abin da na sani game da tashi da iyali, daga ɓarnar da na yi a wannan tashin na san shi.

Kana da shekara shida lokacin, Binta kuma tana goye. Mahaifinku, Allah Ya jiƙansa, ya samu rumfa a kasuwar Gwarzo, ya ce za mu bar gidan gandu mu koma gari. Shi kaɗai ya zo ya ga gidan hayar, da rani, da rana tsaka. Ya dawo ya ce, "Gida ne mai kyau, har da rijiya." Ban tambaye shi komai ba, don a ganina tambaya rashin kunya ce. Na yi ta murna zan sami rijiya a tsakar gida. Da muka zo na ja guga na kai baki, sai na tofar. Zartsi ne. Ko sabulu ba ya kumfa a ciki. Shekara uku na yi ina jiran masu ruwa a ƙofa kamar mai jiran baƙo. Ruwan sama na farko da aka yi da la'asar, duk ruwan layin ta zaurenmu ya biyo, ya ratsa tsakar gida ya shiga ɗaki. Ina tsaye da Binta a baya ina kallon tabarmata tana yawo. Ashe alamar tana nan tun farko, wani baƙin layi a gindin katanga, ya kai tsawon kamu biyu. Namiji ya shiga gida, sama yake kallo da faɗin zaure. Ba shi zai yi wanki ba, ba shi zai durƙusa a madafa ba.

Saboda haka ka ɗauki Rabi ku je ta ga gidan nan kafin a ɗaura ko da tsintsiya. Na ji ka ce ka gani, ya yi. Haka mahaifinku ya ce. Ta duba gindin katanga, ta duba inda kwata ta nufa, ta ɗanɗana ruwan da bakinta. Ta tsaya a madafa ta ga inda hayaƙi zai bi. Ku leƙa banɗaki ku ga faɗin bakin ramin, ku ga ko rijiya tana da murfi, don Sadiku, ƙanin Ummi, yanzu babu inda ƙafarsa ba ta zuwa. Kada ku tambayi dillali ko mai gida halin gidan. Rabi ta shiga wurin matar da ke maƙwabtaka ta tambaye ta abin da ya fitar da waɗanda suka zauna kafin ku. A nan gaskiyar take.

Sai lodin kaya. Akori-kura ɗaya mahaifinku ya ɗauko, kuma ranar kasuwa ce, direban yana sauri ya sauke mu ya koma ɗaukar 'yan kasuwa. Yana ta buga ƙaho yana cewa, "Malam, in amarya ce ma ai da yanzu an kai ta." Ni kuma da wautata, abin da na fi ji da shi na fara miƙawa: tukwane, buta, ƙullin gishiri da daddawa, ashana, duk suka shige can ciki. A kansu aka ɗora buhunan dawa, aka ɗora gado, aka ɗora katifa. Randar da mahaifiyata ta ba ni, aka jingina ta da turmi babu ko tsumma a tsakani. Kafin mu fita daga hanyar burji na ji ƙarar fashewarta. Da muka iso, direba ya zube mana komai a ƙofar gida tuli guda ya ja motarsa. Azahar ta wuce, ba mu yi salla ba don babu buta. Binta tana tsala kuka, ni ban karya ba balle nono ya kawo. Dole na yafa mayafi na shiga gidan da ban san kowa ba. Matar gidan, Hajiya Larai, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sannu da zuwa, baƙuwa. Ke da na ga an sauke miki awaki huɗu, ashana ce ta gagare ki?" Matan da ke wurin suka kwashe da dariya. Ta ba ni buta da garwashi a kasko, har da ɗumamen tuwo. Mutuniyar kirki ce, daga baya ta zama aminiyata. Amma wata shida ana kirana mai awaki a layin nan.

Kai ka yi akasin haka. Abin da za ku fara nema, shi zai shiga mota a ƙarshe. Tabarma, buta, tsintsiya, tukunya ɗaya, ashana, gishiri, fitila, bokiti da ruwa a jarka. Rabi ta dafa abinci tun da safe ta zuba a kula, don ranar tashi babu mai ƙarfin hura wuta. Tangaran da kofuna a naɗe su cikin zannuwa, randa a zaunar da ita cikin buhun ƙaiƙayi, nesa da turmi. Katin asibitin yara da takardunka na aiki a jaka ɗaya, a hannun Rabi, ba a bayan mota ba. Ni katin rigakafin Binta a cikin kwalla na jefa shi, man ja ya zube a kai, da na kai asibiti malamar ta yi mini faɗa a gaban mutane kamar 'yarta. Kada ka ɗauki mota ranar kasuwa. Ku tashi da sassafe, ka nemi tamfol ko da sama fes take. Kwana ɗaya kafin nan ka je a share ɗakunan, a toshe ramuka, a yi hayaƙi. Gidan da ya daɗe babu kowa, ba ya rasa kunama.

Na ga Rabi tana son tafiya da kajinta da tunkiyar nan. Ta tafi da su, amma ta ji abin da ya same ni. Washegarin saukarmu na saki kajina kamar yadda nake yi a Gude. Da yamma babu wadda ta dawo, don ba su san nan ne gida ba. Biyu na samu a bayan masallaci, sauran har yau. Awakin kuma na bar su ba turke. Suka fita suka afka wa shanyar gero a gida na uku, aka koro su da taɓarya har ƙofarmu. Maigidan ya tsaya yana faɗa wa mahaifinku, "Malam, nan gari ne, ba ruga ba." Da wannan muka buɗe zama da mutane. Kaji a kife su a akurki kwana uku, a ba su tsaba a nan, sannan a sake su. Dabba a kafa mata turke tun ranar farko.

Kuma kada ku jira maƙwabta su zo. Ni kunya ta hana ni shiga gidaje, na zauna ina jiran a zo a yi mini sannu, su kuma suka ce girman kai ne da ni. Rana ta biyu Rabi ta yi abinci ta aika gidajen da ke kusa, ta bi bayansa da ƙafarta. Kai ka je ka gaida mai unguwa da liman, ka yi salla a sahu su san fuskarka. Ranar da yaro zai yi zazzaɓi kana wurin aiki, waɗannan mutanen ne danginta.

Duk wannan ƙananan abubuwa ne. Randa ana sayen wata, kaji ana sake kiwo. Yanzu zan zo kan abin da ya sa na ɗauki biro.

Mu jikokin makiyaya ne. Na taso ina jin tsofaffi suna cewa, in za a tashi daga wannan mazauni zuwa wancan, ɗan maraƙin da aka haifa jiya a kafaɗa ake ɗaukarsa. Ba a barin komai mai numfashi a kufai. Amma mu ɗin ne kuma muke da kunyar ɗan fari fiye da kowa. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Tun da aka yaye ka kake kwana a ɗakin kakarka, ita kake kira Inna, ni kuma Adda, kamar wata yayarka. Ban ga laifin haka ba, don gida ɗaya muke. Ina jin muryarka daga safe har yamma, ina zuba maka abinci, ina satar kallonka in babu kowa.

Sati biyu ana shirin tashi, babu wanda ya ce mini kai ba ka cikin tafiyar. Ni ma ban tambaya ba. Na ƙirga awaki, na ƙirga kwanuka, na ƙirga buhuna. A raina na san akwai magana, amma na ce in na yi shiru wataƙila ta wuce. Kai kuwa ka gama shirinka tsaf. Ka ɗaure rigunanka biyu a tsohon ɗankwalina, ka zaga gari kana gaya wa abokanka za ka tafi Gwarzo inda ake da lantarki. Ranar tashi, kafin a gama lodi, ka riga kowa hayewa. Kana zaune can saman katifa da motar karan da ka haɗa da hannunka.

Inna ta fito ta tsaya a bakin zaure. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa mahaifinku, "Sauko mini da mijina. Ina za ku kai shi? Ku kwashe mini ɗa, ku kwashe mini jika, in zauna da wa?" Mahaifinku ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna." Ya ce ka sauko, ka ƙi. Ka riƙe igiyar da aka ɗaure kaya da ita da hannu biyu. Mata sun cika ƙofar gida suna kallo. Goggonka Asabe, ƙanwar mahaifinku, ta zunguro ni tana dariya, ta ce, "Ke Dije, mene ne idonki ya yi ja? Kukan ɗan fari za ki yi mana a bainar jama'a? Yau mun ga zamani." Na ce hayaƙi ne. Ta ce, "To in hayaƙi ne, ke ki sauko da shi mana, ai ya fi jin maganarki."

Da Asabe ce ta yaudare ka, ko Inna, ko mahaifinku, da yanzu na yafe wa kaina. Ni ce. Na matsa jikin mota, ban kalli fuskarka ba, na ce, "Kai, na manta igiyar jar akuya. Tana bayan ɗakin Inna a jikin turke. Je ka kwanto mini, yi sauri, muna jiranka." Ban taɓa aikenka a gaban mutane ba, sai ka ji daɗi. Ka diro da gudu, ka miƙo mini motar karan ka ce, "Adda, riƙe mini, kada ta karye." Kana shigewa zaure muka shiga gaban mota, mahaifinku ya ce wa direba, "Mu je."

Na hango ka ta madubin gefe. Ka fito da igiyar, kana gudu kana ɗaga ta sama, don ka zaci ba mu san ka samo ta ba. Ba kuka kake yi ba tukuna. Kira kake yi, "Ga ta! Adda, ga ta!" Direba ya ce, "Malam, a tsaya ne?" Mahaifinku ya kafa wa hanya ido. Ni ke kusa da direban. Kalma ɗaya ce, kuma tana bakina. Na gyara wa Binta goyo na kawar da kai. Lokacin da randar nan ta fashe a hanya na samu dalilin yin kuka, mahaifinku yana ta ce mini in yi haƙuri zai saya mini wata.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Mun manta taɓarya a Gude. Sau uku na tasa mahaifinku a gaba a kanta, na ce ba zan iya aro kullum ba. Rana ta shida ya je ya ɗauko. A kan taɓarya bakina ya buɗe, a kanka bai buɗe ba ko sau ɗaya. Da ya dawo na tambaye shi Inna, na tambaye shi Asabe, har shanu na tambaya. Shi ya ce don kansa, "Yaron nan kwana biyu bai ci abinci ba, yana zaune a bakin hanya. Amma yanzu ya saki." Na ce, "Allah Sarki," na ci gaba da dakana. Matan Gude sun daɗe suna yabona, wai Dije akwai kunya, Dije akwai kawaici. Na karɓi yabon. Shi na samu a madadinka.

Ba zan yi wa Inna ƙarya ba tana kabarinta. Ta riƙe ka da kyau, ta fifita ka a kan kowa, ba ka yi yunwa ba. Amma shekara bakwai ka yi a can. In mun je da salla sai ka ɓuya a bayanta. Na taɓa ɗinka maka riga na kai, ta tsaya maka a cibiya, don a idona kana nan yadda na bar ka. Ka yi ƙyanda, sai bayan kwana goma labari ya iso ni a bakin wata mai tallan nono. Da Inna ta rasu aka kawo ka nan, ka shigo kamar ɗan aike. Sai ka nemi izini kafin ka ɗebi ruwa a randa. Ƙannenka suna faɗawa jikina suna ƙwace abu a hannuna, kai kana tsaye daga nesa da hannu a baya. Har yau haka kake. Ba ka taɓa ɗaga mini murya ba, ba ka taɓa barina da wata buƙata ba, mutane suna cewa na yi dace da ɗa mai ladabi. Ni na san abin da suke kira ladabi. Ba ka taɓa tambayata komai ba tun ranar da na ce maka muna jiranka. Ban sani ba ko kana tuna ranar. Da na ji tsarin da ka yi wa Ummi, na ce ko dai ka manta sarai, ko kuwa ka ɗauka haka ake yi. Ban san wanda ya fi muni ba, kuma duka biyun ni na jawo.

Ka ce kun yi shawara. Da wa? Ka dubi Rabi da kyau kuwa? Shekaranjiya ina daga ƙofa ina kallonta tana ninke kayan yara. Na Sadiku ta sa a jaka, na jaririya ta sa a jaka. Da ta zo kan kayan makarantar Ummi, ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa, ta rasa inda za ta ajiye. Daga ƙarshe ta mayar da su cikin ruwa ta sake wankewa, alhali wankakku ne. Na ce, "Rabi, lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau, Hajiya, ban ga sun fita ba ne." Ba za ta ce maka komai ba. Ummi 'yar farinta ce, ni kuma surukarta ce, in ta buɗe baki za a ce ta yi wa uwar miji rowar 'ya. Na san wannan shirun, na shekara talatin a cikinsa. Kada ka ɗauke shi a matsayin yarda.

Kuma kada ka zaci ba na son yarinyar nan. Gaskiyar da ta fi nauyi ita ce, da ka faɗi maganar nan daɗi na ji. Ita ke zura mini zare a allura, ita ke nemo mini tabarau in na ajiye na manta. In ta dawo daga makaranta ɗakina take fara faɗowa, ta ce, "Takwara, me kika ɓoye mini yau?" In na ce babu, ta ce, "Ƙarya kike, tsohuwa, na ji ƙamshin ƙuli." Ɗan da na haifa da fari bai taɓa yi mini irin wannan ba. Ranar da kuka tafi gidan nan zai yi mini faɗi. A ranar Juma'ar nan na fahimci Inna fiye da yadda na taɓa fahimtarta, kuma na ji tsoron kaina. Ashe da sauƙi haka ake tsayawa a bakin zaure a ce a sauko da yaro.

Jiya Ummi ta shigo da wani kwalin taliya da ta samo a shago. Ta zuba littattafanta a ciki da 'yar tsanarta da takalmin salla, ta ce in taya ta ɗaurewa. Muna ɗaurewa ta ce, "Takwara, me ya sa Umma ba ta sa kayana a jaka ba? Da ni za a tafi, ko?" Na dube ta. Na ce, "Da ke za a tafi." Ta ce, "Ki rantse." Na ce, "Ba na rantsuwa, amma na gaya miki." Saboda haka ka sani, na riga na yi magana. Na yi wa yaro ɗaya ƙarya a ranar tashi, ba zan yarda ka mayar da ni maƙaryaciya wurin na biyu ba.

Ga shawarata ta ƙarshe game da yara, ita ce ta fi duk sauran. Ka zaunar da su ka gaya musu ranar da za a tashi da inda za a je. Ka bar Ummi ta yi sallama da ƙawayenta da malamarta ta Islamiyya, ta yi kukanta a sarari, kuka ba ya kashe yaro. Kowane yaro ya riƙe abinsa a hannu. In kun isa, shimfiɗarsu za a fara yi kafin ta kowa. In hutu ya zo ka kawo mini ita ta yi sati, amma ka gaya mata ranar da za ka dawo ɗaukarta, kuma ka zo a ranar ko ana ruwa. Ni kada ka damu da ni. Binta tana bayan layi, ƙafata kuma ba ta mutu ba, Kabo ba Makka ba ce.

In mutane sun ce ka hana tsohuwarka jika, ka turo su wurina. In Goggonka Asabe ta aiko da magana daga Gude, ka ce ni na ƙi, kuma ina da amsar da na daɗe ina ajiye mata. Ranar tashi zan sa kujera a ƙofar gida in zauna har a gama lodi. Ba buhuna zan ƙirga ba. In na ga motar nan za ta motsa babu Ummi a ciki, zan tashi in tsaya a gabanta in faɗi abin da ke bakina, duk layin nan su ji, su ce tsohuwa ta zubar da kunya. Kunyar ba ta amfane ni da komai ba.

Ba sai ka zo mun yi maganar nan baki da baki ba, na san zai yi mana nauyi mu duka. Gobe ka biya makarantarsu ka karɓo mata takardar canjin makaranta, ka ba Rabi ta sa a jakar hannunta. Wannan ya ishe ni amsa.

Abu ɗaya ya rage. Ka yafe mini. Na daɗe ina roƙon Allah gafara a kan ranar nan, amma haƙƙin naka ne, kuma ban taɓa tambayarka ba. In ba za ka iya yanzu ba, ba zan ga laifinka ba.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya sa ku shiga gidan nan da ƙafar dama. Ya kare ku daga sharrin hanya da sharrin dare da rana, Ya raba ku da mugun maƙwabci da mugun ciwo. Ya raya maka yaran nan uku a gabanka, kana ganinsu suna ganinka. Ya yi maka albarka, Ya yi wa Rabi albarka, Ya jiƙan mahaifinku da Inna, Ya sa mu cika da imani. Amin, ya Rabbi.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka,
Hadiza.